Baba Saje, kakana da ya raine mu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so in ba ku labarin kakana, mahaifin babana, wanda duk unguwarmu a Argungu anka sani da Baba Saje. Allah ya yi mishi rasuwa cikin azumin 2024, kuma har yau in na shigo gari sai wani ya tare ni a hanya ya ce ke ba jikar Saje ba ce, ya ba ni wani labari nashi da ban taɓa ji ba. Tsohon soja ne, manomi ne, sannan mutum ne mai son wasa, ƙwallo da kokawa da dambe da duk wani abu da ake gwada ƙarfi ko dabara a fili, son da ni dai ban ga irin shi wurin wani tsoho ba.

Ni da ƙanena a hannunshi munka tashi. Babanmu ya rasu ina ƙarama ko firamare ban shiga ba, ƙanena kuma yana goye, da mamanmu ta gama takaba daga baya ta yi aure a Jega, dangi sunka zauna ana shawarar wa zai ɗauki wa, wannan ya ce a ba shi namijin wancan ya ce a kai macen wurin gwaggo. Inna, matar Baba Saje, ita ta ba ni labari, ta ce yana zaune bai ce uffan ba har kowa ya gama, sannan ya ce "ɗiyan ga ba a raba su, nan gidan ubansu na, nan za su zauna." Shi ke nan magana ta ƙare. Ni yana kirana Amarya, Inna kuma ta ce min kishiya, irin wasan kaka da jika, amma wallahi riƙon da ya yi mana riƙon uba ne sak, har da tsawa in ta kama.

Asalinshi ɗan masunta ne. Babanshi da homa da gora ya ci abinci, shi ma a ruwa ya girma, yana cewa ya iya iyo tun kafin ya iya wanke allonshi. A takardarshi ta soja an rubuta 1945 amma shi da kanshi yana dariya ya ce hafsan da ya duba haƙoranshi ne ya yanke mishi shekara. A 1967 da ƙasa ta rikice anka shiga neman samari, shi da abokanshi sunka tafi ba tare da babanshi ya sani ba, sai daga Zariya ya aiko da saƙo. Lokacin ba wani dogon horo, 'yan makonni ne a koya maka fareti da yadda ake kwance bindiga a ɗaura, a ɗora ku jirgin ƙasa. Sojan Najeriya kafin yaƙin ba su wuce dubu 10 da 'yan kai ba, kafin a gama sun kai wajen dubu 250, to ku duba yawan yaran talakawa da anka kwasa daga ƙauyuka, musamman nan ƙasarmu ta wajen Zuru inda kusan kowane gida akwai soja.

Runduna ta ɗaya anka kai shi, wadda Muhammadu Shuwa ke jagoranta, ita ce ta shiga ta Nsukka ta kama Enugu a watan Oktoban 1967, daga baya ta kai Umuahia a 1969. A wannan hanyar ne ɓarɓashin bom ya shige mishi cinyar hagu, anka ciro wani anka bar wani, shi ya sa yake ɗan ɗingishi, kuma duk sanyin hunturu sai ƙafar ta tashi, mu kwana Inna na gasa mishi da tsumma da ruwan zafi. Yaƙi ya ƙare 15 ga Janairun 1970. Wannan ranar duk shekara tun asuba zai fito da tsohon takalminshi ya zauna bakin zaure da burushi da man goge takalmi, ya goge ya tofa ɗan yawu ya sake gogewa har ka ga fuskarka a ciki, ya ciro lambobinshi daga gwangwanin da yake ajiye su ya maƙala a ƙirji, ya tafi wurin taron mazan jiya. In ya dawo ba ya cin abincin rana. Ba mai tambayarshi dalili.

Mutane suna zaton tsohon soja labarin yaƙi ne a bakinshi kullum, shi sam. Samari su zo su ce Baba mutum nawa ka harbe, sai ya haɗe rai ya ce "mi kunka sani, ku tahi ku yi salla." In anka yi tsawa mai ƙarfi da damina cikin dare zai farka firgigit yana laluben gefen gado, Inna ta riƙa kiran sunan Allah har ya dawo hayyacinshi, mun saba da wannan tun muna yara.

Sau ɗaya ya taɓa buɗe min cikinshi. Ina makarantar koyon aikin jinya a Birnin Kebbi lokacin, na zo hutu ina ba Inna labarin yaran da ke fama da tamowa da munka gani a asibiti, ƙafa ta kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi, yaro ko kuka ba ya iyawa. Na ce mata an koya mana cewa yaron da yunwa ta daɗe a jikinshi ba a cika mishi ciki lokaci guda, da kaɗan kaɗan ake farawa da madara ta musamman, don abinci mai yawa farat ɗaya na iya tsayar mishi da zuciya. Ashe Baba yana jina daga kan tabarmarshi. Bayan isha'i ya kira ni zaure, ya rage muryar rediyo, ya ce ana gab da gama yaƙi sun shiga wani ƙauye ba kowa sai tsofaffi da yara, ya ga wani yaro zaune gindin bishiya da bai wuce shekara biyar ba, cikin nan tulu guda, yana kallon kwanon abincinshi. Ya ce shinkafa ce da kifin gwangwani, ya miƙa mishi duka, yaron ya cinye tas ya ƙara mishi na abokinshi, har yana jin daɗi a ranshi ya yi abin kirki. Da safe da za su tashi ya leƙa ya tarar yaron ya mutu a wurin. Ya dube ni ya ce "Amarya, ke da kinka yi karatu, gaya min gaskiya, ni na kashe ɗan mutane?"

Mutumin da ya yi shekara biyu da rabi a bakin daga, abin da ya riƙe a zuciya fiye da shekara arba'in ke nan. Na ce Baba yaron da ya kai wannan halin ko a asibiti ba kowa ke tashi ba, kuma kai abinci ka ba mai jin yunwa, Allah niyya yake dubawa. Ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya ce in je in kwanta. Har yanzu in na tsaya kan yaro mai tamowa a wurin aiki ina auna mishi madara sai na tuna da wannan daren. Kuma a gidanmu, tunda nake, almajiri bai taɓa yin sallama ya koma da kwano wayam ba, ko da kuwa tuwon Baba ne za a raba biyu.

To maganar ƙwallo kuma a Enugu ta samo asali. Bayan yaƙi an bar su can bariki, a shekarar ce 1970 anka kafa kulob ɗin Rangers, shi kuma ranar da ba ya kan aiki sai ya sa farin kaya ya tafi kallo. Ya ce da farko tsoro yake ji kar a gane shi soja ne Bahaushe, ya tsaya can baya, amma ranar da anka ci wata ƙwallo wani mutum da bai sani ba ya rungume shi yana ihu, shi ma ya rungume shi. Tun daga nan ya zama ɗan Rangers har ya koma ga Allah. Ku yi tunanin Bakabe ɗan Argungu, abokanshi na Kaduna da Kano kowa da kulob ɗin garinsu, shi kuma ba ya da magana sai Christian Chukwu da dogon golan nan Emmanuel Okala. A 1977 yana bariki a Kaduna anka kawo wasan kusa da na ƙarshe na kofin kulob-kulob na Afirka tsakanin Rangers da Shooting Stars ta Ibadan, saboda zafin da abin ya ɗauka a Legas, ya ce tun hantsi ya shiga fili da gurasarshi a aljihu, aka tashi ba ci, Rangers ta yi nasara a bugun fenariti, daga nan ta je ta doke Canon ta Kamaru ta ɗauki kofin. Wannan labarin kam mun ji shi har mun haddace, yana bayarwa yana tashi tsaye da sandarshi yana nuna yadda Okala ke buɗe hannu.

Ya bar soja da muƙamin saje a ƙarshen shekarun 1970 lokacin da ake rage yawan sojoji, ya dawo gida ya ɗan yi aikin gadi, daga baya ya koma fadama noman shinkafa. Abin da ya dawo da shi mai daraja a wurinshi rediyo ce, babba mai jakar fata, wadda ta tsufa har sai da anka ɗaure murfin batir ɗin da roba. A ita ya ji wasan ƙarshe na kofin ƙasashen Afirka na 1980 da Green Eagles ta Najeriya ta ci Aljeriya 3 da nema a Legas, Odegbami biyu Muda Lawal ɗaya, Shagari ya miƙa wa Chukwu kofi. Inna ta ce ranar ya zaga unguwa da rediyon a kafaɗa yana raba goro. Ni abin da na gani da idona na 2013 ne, da Sunday Mba ya ci Burkina Faso, an ɗauke wuta anka tada janareton maƙwabta anka fito da talabijin waje, mata muna daga cikin zaure muna leƙe, tsoho ya jefar da sanda ya manta da ɗingishi.

Yana da aboki ɗan ƙabilar Ibo mai shagon kayan mashin a kasuwa, wanda ya girme wa babana kaɗan, shi yana yaro lokacin yaƙin kuma ya rasa 'yan uwa a ciki. Kowannensu ya san ɓangaren da ɗayan ya tsaya, ba su ɓoye wa juna ba. Duk ranar da Rangers ke wasa Baba zai hau keke ya tafi shagon, su zauna kan benci ɗaya suna gardama da Hausa da ɗan guntun Ibon da ya tsinto. Wasu na gulma wai me ya haɗa Saje da wannan mutum, shi kuma amsarshi ɗaya ce, ya ce mu Kabawa ai mun fi kowa sanin wanga abu, shekara nawa kakanninmu sunka yi suna yaƙi da Sakkwato, amma a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya tako har Argungu anka tarbe shi da kamun kifi a ruwa, bikin da duniya ke zuwa kallo yanzu daga sulhu ya fito. Ranar da Baba ya rasu mutumin nan rufe shagonshi ya yi kwana uku, yana zaune waje tare da masu karɓar gaisuwa.

Bikin kamun kifi kuwa ba a magana. Shekarun da anka daina yi kusan goma, duk ƙarshen hunturu sai ya yi ta ƙorafi, da anka dawo da shi a watan Maris na 2020 ya ce ko a kan jaki sai an kai shi kogin Matan Fada. Ƙanena ya ɗauke shi a mashin. Shi ba ranar babban su ɗin ce ta fi burge shi ba duk da an kamo giwan ruwa mai kilo 78 a shekarar, shi Kabanci yake so, tseren kwalekwale da nutso da kamun agwagwa da kamun kifi da hannu, don nan ne ake gane ɗan ruwa na gaskiya. Yana zaune yana faɗin wanda zai ci tun kafin a kai rabi, wai daga yadda mutum ke riƙe filafili ake ganewa. Kokawa kuma har ta Nijar yake bi a rediyo, gasar takobi, yana goyon bayan Dosso saboda maƙwabtanmu ne, Issaka Issaka ya sha sa shi kwana da murna. Dambe ne kawai Inna ta hana shi zuwa da ya tsufa, don in ya je ba ya dawowa sai dare.

Amma abin da mutanen unguwa za su fi tunawa da shi yara ne. Akwai wani fili bayan gidanmu, shi ya sa anka share ƙaya anka kafa itace biyu nan biyu can, ya sayi ƙwallo da kuɗin fanshonshi, yana da usur tun na bariki rataye a wuya. La'asar sakaliya zai fito da kujerarshi, a raba yara gida biyu, masu riga da marasa riga. Dokokinshi ba su da yawa amma ba a taka su, wanda bai je makarantar allo ko boko ba ranar ba zai buga ba, wanda ya zagi uwar wani ya fita sai gobe, in anka yi faɗa a tsaya sai an gaisa, kuma da an kira magariba ko ana tsakiyar fenariti ne usur zai busa kowa ya kama alwala a randar ƙofar gida. Bayan salla Inna ta fito da ƙwaryar fura ko ɗumamen tuwo. Yara nawa sunka bi ta wannan filin, wasu yanzu malamai ne, wasu 'yan kasuwa, wasu suna kabu-kabu, kuma ko a lokacin da ƙwaya ta fara lalata samarin gari iyaye da kansu suke kawo 'ya'yansu su ce Saje ga wannan a sa mishi ido.

Karatuna kuma shi ne tsaye. Da na gama sakandare an samu masu cewa a yi min aure a huta, ya ce aure na nan zuwa amma sai Amarya ta riƙe takarda a hannu tukuna. Fanshon ba wani abin kirki ba ne kuma akwai lokutan da ake wata da watanni ba a gani ba, ga tafiyar tantancewa, tsoho mai ciwon ƙafa ya ɗauki fayil a leda ya hau mota ya je ya bi layi cikin rana tare da sa'o'inshi, wasu makafi wasu a keken guragu, don kawai a tabbatar suna raye. Wannan abin har yau yana ci min rai, mutanen da sunka ba da jininsu bai kamata a wahalar da su haka ba. Shi dai bai taɓa zagin ƙasar ba, sai ya ce Allah shina gani. Shinkafarshi yake sayarwa ya biya min kuɗin makaranta, wata shekara har da san noman da yake ji da shi. Da ambaliyar 2020 ta shanye gonakin fadama a jihar nan tashi ma ba a tsinci ko buhu ba, lokacin na fara aiki, na kawo mishi albashina ya ƙi karɓa, sai da Inna ta sa baki ya ɗauki rabi, rabin ma daga baya na gane takalman ƙwallo ya saya wa yara biyu marayu da sauran.

Da ƙanena ya ce soja yake so ya shiga, na ɗauka Baba zai yi murna. Kwana biyu bai ce komai ba. Lokacin ba a daɗe da kwashe ɗaliban makarantar Birnin Yauri ba, a watan Yunin 2021, kuma kullum labarin da ke zuwa daga ƙasar Zuru da Zamfara ba daɗi, abin na damunshi ƙwarai, yana cewa mu munka je har gabas don ƙasa ta zauna ɗaya yau ga shi mutum ba ya iya zuwa gonarshi. A rana ta uku ya kira shi ya ce in don kaki da burga ne ka zauna gida, in kuma ka tabbata don kare mutane ne to ka je, amma kar ka taɓa ɗaga hannu kan wanda bai riƙe makami ba, kar ka ci abin talaka a shingen hanya. Allah bai yi ya samu shiga ba, yanzu shi ke noman fadamar kuma shi ke busa usur a filin.

Gasar Afirka ta farkon 2024 ita ce ta ƙarshe da ya gani. Jikin ya riga ya yi rauni, ga hawan jini, ido ma ya rage, ni ke zama kusa da shi ina faɗa mishi wa ke riƙe da ƙwallo. Ranar wasanmu da Afirka ta Kudu da anka je fenariti na so in kashe talabijin don ina tsoron zuciyarshi, ya riƙe min hannu ya ce "bari Amarya, wanda ya ji ƙarar igwa fenariti ba ta kashe shi," Nwabali ya tare biyu tsoho yana ta hamdala. A wasan ƙarshe Kwaddibuwa ta ci mu 2 da 1 bayan mu munka fara ci, yaran unguwa duk sunka yi jugum wasu har da kuka, shi ne ma ke ba su haƙuri yana cewa masu gida sun fi mu wasa yau, ku tashi ku kwanta gobe akwai makaranta.

Azumi na kamawa ya kwanta. Mun hana shi azumin ya yi ta jayayya har sai da liman ya zo da kanshi ya yi mishi bayanin ciyarwa. Cikin goman tsakiya, bayan an sha ruwa, ya ce a kira ƙanena, ya faɗa mishi bashin da ake binshi, kuɗin taki ne wurin wani mutum da kuɗin gyaran keke, ya ce a biya kafin a ɗauke shi. Ya sa wa Inna albarka ya nemi gafararta, shekara hamsin da wani abu suna tare. Kafin asuba yana kalmar shahada Allah ya karɓi abinshi, kanshi na kan cinyata.

Jana'izarshi mu mata muna cikin gida amma an ce layin salla har ya fita titi, kuma yaran filin nan, manya da ƙanana, su sunka yi ta karɓa-karɓar makara har maƙabarta ba su bari an sa shi mota ba. Tsofaffin sojoji huɗu da sunka rage a garin cikin sa'o'inshi sun zo, ɗaya sai da anka riƙo shi.

Inna na nan da rai, tana gaishe ku, jikin sai a hankali. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa Baba Saje cikin addu'a, shi da babanmu da sauran mazan jiya da sunka riga mu, da yaron nan na gindin bishiya da bai taɓa sanin sunanshi ba. Allah ya jiƙansu ya gafarta musu, ya sa Aljanna ce makomarsu, amin.